Tsakanin Himma Da Ganganci: Haƙƙin Jiki A Kan Ƙwararrun 'Yan Ƙwallon Kwando

 

A daren 22 ga Yunin 2025, a birnin Oklahoma na ƙasar Amurka, aka buga wasa na bakwai kuma na ƙarshe wanda zai fitar da zakaran gasar ƙwallon kwando ta NBA. Tyrese Haliburton, jagoran ƙungiyar Indiana Pacers, ya shigo fili alhali kowa ya san tsokar sha-raɓarsa ta dama ba ta da lafiya, domin ya ji ciwo a wurin tun a wasa na biyar. Ya fara da zafinsa, ya jefa ƙwallo uku daga nesa duk suka faɗa kwando. Ba a kammala zangon farko ba sai ya yunƙura zai kutsa, agararsa ta tsinke, ya faɗi yana dukan ƙasa da tafin hannu. Ƙungiyarsa ta rasa kofin a daren, shi kuma, yana da shekara 25 a duniya, aka sanar cewa ba zai taka fili ba a kakar da ke biye gaba ɗayanta. Bayan an yi masa tiyata ya fito ya ce bai yi nadama ba, kuma da za a maido da wannan dare da sai ya sake shiga.

Shekara shida kafin nan an ga irin wannan. A watan Mayun 2019 Kevin Durant na Golden State Warriors ya ji ciwo a sha-raɓa, ya zauna wasa tara bai buga ba. Da ƙungiyarsa ta shiga tsaka mai wuya a zagayen ƙarshe, Toronto Raptors ta cinye ta sau uku ita kuma sau ɗaya, sai surutu ya yi yawa: ina Durant, me ya hana shi fitowa? Ya fito a ranar 10 ga Yuni. Ya yi kimanin minti 12 a fili, ya ci maki 11, agararsa ta tsinke. Manajan ƙungiyar, Bob Myers, ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye yana cewa in akwai wanda za a zarga to a zarge shi. Durant ya rasa kakar 2019 zuwa 2020 ɗungurungum. Pascal Siakam, ɗan ƙasar Kamaru, ya shaida duka biyun da idonsa: a 2019 yana cikin abokan hamayyar Durant, a 2025 kuma abokin wasan Haliburton ne.

Duk lokacin da irin wannan ta faru sai masu kallo su rabu gida biyu. Wasu su ce wannan ita ce jarumta, namiji ba ya noƙewa ranar da ake buƙatarsa. Wasu su ce wauta ce, an sayar da shekaru don dare ɗaya. Ra'ayina shi ne kowane ɓangare ya riƙo wani yanki na gaskiya ya saki wani. Zage damtse a kan aikin da aka ɗauke ka dominsa wajibi ne, kuma kiyaye jikin da Allah ya ba ka amana wajibi ne. Abin da ya rage mana shi ne mu gane inda iyakar ɗaya ta tsaya ta ɗayan ta fara, sannan mu san wanda ya cancanta ya ja wannan layi.

Nauyin da ake ɗora wa jiki

Wanda bai san yadda wannan sana'a take ba zai ɗauka wasa ne kawai. A gasar NBA ƙungiya 30 ce, kowace tana buga wasa 82 tsakanin Oktoba da Afrilu, wato cikin wata shida. Sau da yawa ƙungiya kan buga wasa yau a wani gari, ta hau jirgi cikin dare, gobe ta sake bugawa a wani garin mai nisa. Wanda ya tsallake zuwa zagayen fitar da gwani yana da mataki huɗu a gabansa, kowane mataki yana iya kaiwa wasa bakwai. Kowane wasa minti 48 ne, kuma dokar daƙiƙa 24 ta hana ƙungiya riƙe ƙwallo ta huta. Mutanen da ke wannan aiki da yawansu sun haura mita biyu a tsawo, sun kai kilo ɗari ko fiye a nauyi, suna gudu, su ci birki farat ɗaya, su juya, su yi tsalle su dira a kan daɓen katako. Duk wannan nauyi a kan gwiwa da idon sawu da agara yake sauka.

Salon wasan ma ya sauya. A farkon shekarun 2000 ƙungiya ba ta kai jifa 15 daga bayan layin maki uku a wasa ɗaya ba, amma a 'yan shekarun nan abin ya haura 35. Ma'anar wannan ita ce mai tsaron gida ba zai tsaya a gindin kwando yana jira ba. Dole ya ruga can gefe ya tare mai jifa, ya komo da gudu, ya sake fita. Filin bai ƙara faɗi ba, amma ƙasar da kowane ɗan wasa ke ci a dare ɗaya ta ƙaru. A zagayen fitar da gwani na 2025 kaɗai, manyan taurari uku suka tsinke agara: Damian Lillard, Jayson Tatum, da Haliburton.

Ita agara, wato kakkaurar jijiyar nan da ke bayan dunduniya, ita ce ta haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin diddige, don haka abin da ya taɓa ɗaya bai bar ɗaya ba. Jini bai cika gudana a cikinta kamar yadda yake gudana a tsoka ba, shi ya sa warkewarta ke da nawa. Ɗan wasan da ta tsinke masa yakan yi wata tara zuwa shekara kafin ya dawo, wasu kuma su dawo amma tsallensu da zafin namansu ba su dawo tare da su ba. Hausawa suka ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma sai ya yi dubu bai fito ba.

Labaran da ake ba mu, da waɗanda ake ɓoyewa

Tarihin wannan wasa cike yake da labaran waɗanda suka danne ciwo suka yi nasara. A 1970 Willis Reed na New York Knicks ya fito wasa na bakwai yana ɗingishi bayan tsokar cinyarsa ta yage, an yi masa allurar kashe zafi, ya ci ƙwallo biyu na farko, abokansa suka sami ƙarfin gwiwa suka doke Los Angeles Lakers. A 1997 Michael Jordan ya buga wasa na biyar da Utah Jazz cikin rashin lafiya, jiki ba ƙwari, ya ci maki 38. A 2021 Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne aka haife shi a Girka, gwiwarsa ta lanƙwashe baya ta yadda masu kallo suka rufe ido, ya huta wasa biyu kacal ya dawo, ya ci maki 50 a wasan da Milwaukee Bucks ta ɗaga kofi. Waɗannan su ake ta maimaitawa a talabijin, su yara ke haddacewa.

Amma akwai wasu labaran da ba a cika ɗaga su ba. Bill Walton, wanda ya kai Portland ga kofi a 1977 kuma ya zama gwarzon kakar 1978, an yi masa allurar kashe zafi a ƙafa ya shiga wasa da Seattle, daga baya hoto ya nuna ƙashin ƙafar ya karye. Ya ƙi buga kakar da ta biyo baya saboda fushin yadda aka bi da lafiyarsa, kuma ciwon ƙafa ya cinye mafi yawan sauran shekarunsa na wasa. Grant Hill, wanda ake hasashen zai gaji Jordan, ya buga wa Detroit Pistons wasannin fitar da gwani na 2000 da ciwon idon sawu har ƙashin ya karye. Da ya koma Orlando Magic, wasa 47 kaɗai ya iya bugawa cikin kaka huɗu, kuma a 2003 wata ƙwayar cuta da ta shige shi bayan tiyata ta kusa ɗaukar ransa.

Wanda labarinsa ya fi taɓa zuciya shi ne Isaiah Thomas na Boston Celtics. Gajere ne a ma'aunin wannan wasa, tsayinsa mita 1.75, amma a kakar 2016 zuwa 2017 yana cin kusan maki 29 a kowane wasa. Ya ci gaba da wasa da ciwon ƙugu, ya buga kwana ɗaya bayan rasuwar ƙanwarsa a haɗarin mota, ya ci maki 53 a wasa guda da Washington. Daga ƙarshe ƙugun ya ƙi, aka ajiye shi a watan Mayu. A watan Agustan wannan shekara ƙungiyar da ya sadaukar mata da jikinsa ta musanya shi da Kyrie Irving na Cleveland. Mutumin da ake sa ran zai sa hannu a kwantiragin da ya haura dala miliyan ɗari, a 2018 mafi ƙarancin albashi ya karɓa a Denver. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin lura a nan shi ne, mu masu kallo muna yanke hukunci ne bayan mun ga sakamako. Wanda ya yi kasada ya tsira mu kira shi gwarzo, wanda ya yi kasadar ya karye mu ce ƙaddara ce mu wuce. Alhali aikin da suka yi iri ɗaya ne. Mai hankali yana auna mataki da abin da aka sani lokacin da aka ɗauke shi. Giannis, alal misali, an ɗauki hoton gwiwarsa an ga babu jijiyar da ta tsinke kafin ya dawo. Wannan daban ne da wanda aka kashe masa zafi da allura aka tura shi fili ba tare da an san abin da ke cikin ƙashin ba.

Haƙƙin waɗanda suka biya

Kada mai karatu ya ɗauka ina kira ne ga lalaci. Ɗan wasan da ke karɓar miliyoyin daloli ya ƙulla alƙawari, kuma cika alƙawari ba abin wasa ba ne a wurin Musulmi ko wanda ba Musulmi ba. Magidancin da ya tara kuɗi wata da watanni don ya kai 'ya'yansa su ga tauraron da suke so, ya isa ya tarar da shi zaune a benci cikin kayan gida lafiyarsa ƙalau, an tauye masa haƙƙi. Abokan wasan da ke zubar da gumi su ma suna da nasu haƙƙin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wannan ce ta sa aka daɗe ana jan igiya tsakanin ƙungiyoyi da hukumar gasar. A Nuwamban 2012 Gregg Popovich, kocin San Antonio Spurs, ya sallami manyan 'yan wasansa huɗu gida, ciki har da Tim Duncan da Tony Parker da Manu Ginobili, ana gab da wasa da Miami Heat wanda za a nuna a duk faɗin ƙasar. Shugaban gasar na lokacin, David Stern, ya ci tarar ƙungiyar dala 250,000. Popovich yana ganin tsofaffin taurarinsa sun gaji da doguwar tafiya. Stern yana ganin an raina masu kallo. A 2014 waɗannan tsofaffin suka ɗaga kofi, Duncan kuma ya yi wasa har ya kai shekara 40.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Toronto a 2019, domin shugaban ƙungiyar a lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. Shi ya ɗauko Kawhi Leonard, wanda ciwon cinya ya hana shi buga fiye da wasa tara a kakar da ta gabata. Ƙungiyar ta tsara masa hutu tun daga farko: ba ya buga wasa biyu a kwana biyu jere, ya ƙare kakar da wasa 60 cikin 82. Da aka zo zagayen fitar da gwani ya buga duka wasa 24, ya zama gwarzon zagayen ƙarshe, Toronto ta ɗauki kofinta na farko. A filin da Durant ya faɗi saboda an gaggauta, a nan Leonard ya tsaya saboda an yi haƙuri.

Sai dai da wannan dabara ta yaɗu, wasu suka mayar da ita mafaka, har ya zamana ana ajiye lafiyayyun taurari a manyan wasanni. A 2023 hukumar NBA ta fito da doka mai tarar da ke farawa daga dala 100,000 ga ƙungiyar da ta ajiye tauraro ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, aka kuma gindaya cewa sai ɗan wasa ya buga aƙalla wasa 65 kafin a saka shi cikin masu takarar manyan kyaututtukan kaka. Niyyar tana da kyau, amma ta zo da nata lahanin, saboda wasu kwantiragin an ɗaure ƙarin kuɗinsu da waɗannan kyaututtuka. Ke nan an sanya wa mai ciwo farashi a kan kowane daren da ya huta. Haliburton kansa ya fito fili ya soki wannan doka a 2024, lokacin da yake fama da tsokar bayan cinya. A Janairun wannan shekarar Joel Embiid, haifaffen Yawunde kuma gwarzon kakar 2023, ya sha gori saboda bai buga wasa a Denver ba. Kwana uku bayan haka ya fito da Golden State yana jan ƙafa, wani ya faɗo masa a gwiwa, sai tiyata.

Zargin ƙaryar ciwo tsohon abu ne. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a 1992 shugabannin Houston Rockets sun dakatar da shi bisa zargin cewa ciwon cinyar da yake kuka da shi na ƙarya ne, wai saboda saɓanin kwantiragi. Wannan mutumin ne ya kawo musu kofi a 1994 da 1995. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mummunan zato ga wanda ya ce yana jin ciwo yakan tura shi ya tabbatar da gaskiyarsa da abin da zai nakasa shi.

Ina ma'aunin yake?

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da su, wanda a ƙuruciyarsa ya ɗaukar wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare baki ɗaya. Da labari ya isa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya umarce shi da sassauci, ya tunatar da shi cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙi a kansa. Saurayin ya dinga cewa yana da ƙarfin da ya fi haka, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda, yini ɗaya a yi yini ɗaya a sha. Da tsufa ya zo masa sai ya riƙa burin ina ma ya karɓi rangwamen da aka yi masa tun farko. To, idan a ibada, wadda ita ce dalilin halittarmu, an hana mutum ya ci zalin jikinsa, ina ga neman kofi? Kuma a lura da hujjar saurayin: ina jin ƙarfi. Ita ce dai hujjar kowane ɗan wasa mai shekara 25.

Malamai sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, sun kuma kafa ƙa'idar cewa ana gusar da cuta, kuma tunkuɗe ɓarna na gaba da janyo amfani. A ɗaya hannun an kwaɗaitar da mu kyautata aiki da cika alƙawari. Idan muka ɗora waɗannan a kan batunmu, ina ganin ciwon ɗan wasa hawa uku ne.

Na farko shi ne zafin da ba ya ƙara lalata komai: gajiya, tsamin jiki, ƙujewa, mura mara tsanani. Wannan haƙuri da shi yana cikin sana'ar, kamar yadda manomi ba ya ajiye fartanya don kanta ta fito masa a tafi. Wanda ya fake da irin wannan ya ƙi aiki ya ci amanar masu biyansa.

Na biyu shi ne raunin da wasa zai iya mayar da shi babba: tsokar da ta fara yagewa, ƙashin da ya tsage, gwiwar da ta kumbura. A nan ne mafi yawan rigimar take, kuma a nan nake ganin asali shi ne a huta har sai masana sun tabbatar da warkewa. Girman wasan da ke gaba ba ya canza abin da ke cikin tsoka. Agara ba ta san wasan ƙarshe ba.

Na uku shi ne abin da ya shafi rai, kamar ciwon zuciya, daskarewar jini a jijiya, ko bugun da ya girgiza ƙwaƙwalwa. Wannan babu ciniki a cikinsa. A Afrilun 1993 Reggie Lewis, kyaftin ɗin Boston Celtics, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa da Charlotte. Tawagar likitocin zuciya ta ce yana da matsala mai haɗari wadda za ta iya kawo ƙarshen wasansa. Ya nemi wani ra'ayin, aka ce masa abin bai kai haka ba. A ranar 27 ga Yulin wannan shekara ya faɗi yana atisayen jifa, ya rasu yana da shekara 27. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yi imani da shi, amma an umarce mu da riƙo da sababi. Kwatanta shi da Chris Bosh na Miami Heat, wanda jini ya daskare masa a huhu a 2015, ya sake daskarewa a ƙafa a 2016. Ya so ya dawo, ya yi ta fafutuka, likitoci suka ƙi sa hannu. Bai sake buga wasa a gasar ba, ransa ya ɓaci, amma yana nan da rai tare da iyalinsa, kuma a 2021 aka shigar da sunansa zauren girmama gwarazan wasan.

Wa zai yanke hukunci?

Ɗan wasa shi ke da jikinsa, kuma babu wanda ya isa ya tilasta masa shiga fili. Amma a bar masa shi kaɗai ya yanke cewa zai shiga, a daren da dubban mutane ke kiran sunansa, wannan ma sakaci ne, domin halin da ya kai shi wannan matsayi, wato ƙin yarda da gazawa, shi ne ke rufe masa ido a irin wannan lokaci. Koci kuwa kujerarsa na rawa in ya sha kashi. Mai ƙungiya yana duban kuɗin shiga. Likitan ƙungiya kuma albashinsa daga aljihun mai ƙungiyar yake fitowa, ko da kuwa mutumin kirki ne. Saboda haka nake ganin maganar ƙarshe a kan hawa na biyu da na uku ta kasance a hannun likitan da ba ya ƙarƙashin kowa daga cikinsu, kuma a faɗa wa ɗan wasan gaskiya tsagwaronta, ba abin da yake son ji ba.

Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutum da dutse ya fasa masa kai a cikin tafiya, wanka ya wajaba a kansa, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwamen taimama, suka ce babu. Ya yi wankan ya rasu. Da labarin ya isa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda suka ba da amsar ya ɗora wa laifi, saboda sun yi magana ba da sani ba maimakon su tambaya. Wannan gargaɗi ne ga duk mai ce wa majinyaci daure kawai, ko koci ne, ko ɗan jarida, ko mai kallon da ke rubuta gori a wayarsa.

Koci yana da wani nauyin kuma, wato raba mintuna. A ranar 28 ga Afrilun 2012, Chicago Bulls na gaba da maki 12, saura ƙasa da minti biyu a tashi, amma Derrick Rose yana cikin fili, duk da ya sha fama da raunuka a wannan kaka. Ya yi tsalle ya dira, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa zama gwarzon kaka, yana da 22 a 2011, kuma bai sake kai wannan matsayi ba. A Afrilun 2013 Kobe Bryant, yana da shekara 34, ya buga minti 48 cif a Portland, bayan kwana biyu ya sake yin kusan minti 45 da Golden State har agararsa ta tsinke. Ana yawan ba da labarin yadda ya tsaya ya yi jifa biyu kafin ya fita da ƙafarsa, amma ba a cika faɗin cewa wasa shida kaɗai ya buga a kakar da ta biyo ba. Babu mai iya rantsuwa cewa da an cire su da wuri da ba su ji ciwo ba. Abin da ake iya faɗa shi ne, duk mintin da aka ƙara wa gajiyayyen jiki ba tare da buƙata ba, ƙofa ce aka bari a buɗe.

Ita kuwa hukumar gasar, in har da gaske take, to ta duba tushen matsalar. Ba zai yiwu a ce wa mutum ya gudu da dukkan ƙarfinsa, a daren yau da na gobe, sau 82, sannan a ci shi tara in ya huta ba. Rage yawan wasanni, ko aƙalla kawar da wasa biyu a kwana biyu jere, shi ne maganin da ya fi kowanne bayyana. Abin da ya hana shi ne kuɗi, domin kowane wasa tikiti ne da talla, kuma 'yan wasan su ma suna da kaso a ciki. Kowa na son lafiya, ba mai son a taɓa aljihunsa.

Abin da ya shafe mu

Wani zai kawo misalin Olajuwon ya ce ai ga wanda yake azumin Ramadan yana wasa, har aka zaɓe shi gwarzon watan Fabrairun 1995 alhali watan ya dace da azumi. Haka ne, kuma abin alfahari ne. Amma Olajuwon lafiyayye ne da ya san jikinsa, ya tsara cinsa da barcinsa, ya yi kaka 18 a gasar. Ubangijin da ya wajabta azumin shi ne ya yi wa mara lafiya rangwame ya sha ya rama. Darasin da ke cikin rayuwarsa shi ne horar da kai da tsari, waɗanda su ne ke ba mutum damar ba da dukkan ƙarfinsa shekara da shekaru.

Ga 'ya'yanmu da ƙannenmu masu buga wannan wasa a filayen makarantu da na unguwa, yawanci a kan siminti, da takalmin da ya ci ƙasa, babu likita babu inshora: ku yi himma, ku bi ƙwallo kamar ba za a sake wani wasan ba, domin ƙarfin jiki ni'ima ce kuma ragwanci ba ado ba ne. Amma idan gwiwa ta kumbura, ko idon sawu ya ƙi ɗaukar nauyi, ko kai ya bugu jiri ya biyo baya, ku fita, ku faɗa wa iyaye, a je asibiti a ɗauki hoto. Ku nisanci haɗiyar ƙwaya irin su tramadol don kashe zafi a ci gaba da wasa. Zafi ɗan aike ne, jiki magayi. Wanda ya kori ɗan aiken bai kori saƙon ba. Taurarin da kuke kallo in sun karye akwai ƙwararrun likitoci da albashin da ba ya tsayawa. Ku kuwa gwiwar nan ita za ku yi noma da kasuwa da ita, ita za ku durƙusa da ita a sahu har tsufa.

Iyaye da malaman wasanni kuma su daina kunyata yaron da ya ce yana jin ciwo. Mu masu kallo mu rage gori, mu tuna cewa wanda muke kira rago a yau, in ya fito ya karye gobe, ba ma cikin waɗanda za su yi jinyarsa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa mu yi aiki da ita a inda ya yarda, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ne mafi sani.